Layin Da Gwaggo Ba Ta Cike Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ɗanki ya kira wayar ɗakin gwaji na matatar ruwa. Ina wanke kwalaben awo. Ya ce kin cika a asibiti bayan jinyar kwana uku. Na ajiye wayar na ƙarasa wankin, don ban san me ake yi ba. Na Allah muke, gare Shi za mu koma.

Kowa a matatar Gwaggo yake ce miki, har manaja. Shekara ashirin da shida ke ce mai faɗin yawan alif ɗin da za a zuba, laka ta kwanta kafin ruwa ya shiga famfunan gari. Ni wata bakwai kacal na yi kusa da teburinki, aikina na farko bayan jami'a.

A satina na biyu na so in burge ki. Na rubuta fomula a kwamfuta: idan laka ta kai kaza a zuba kaza, idan ba haka ba, idan ta kai kaza... "idan" goma sha ɗaya, kowanne a cikin ɗan'uwansa. Kika sa tabarau kika bi ta da yatsa.

"Auta, wannan ai hanjin kaza ne. Ran da aka canja alif, wa zai shiga nan ya gyara? Ke kanki sai kin nemi ɗan jagora."

A "idan" na bakwai kika tsaya. Ashe na rubuta 520 a maimakon 250. Amma ba ki gaya wa kowa ba. Kika buɗe sabon shafi kika zana jadawali, awon laka a hagu, alif a dama, da gajeriyar fomula ɗaya mai leƙawa ta ɗauko amsa. Kika ce, "Lamba a fili ake ajiye ta, inda mai gadi ma zai karanta."

Jadawalin layi goma ne. Tara kin cike. Na goma, na lakar da ta haura 800, kin bar shi fari, domin an kawo sabon alif bara, kuma tun daga nan laka ba ta kai haka ba. Kika ce ba kya rubuta abin da ba ki gwada ba, sai damina ta sauka mu auna tare.

Jiya an yi ruwa a saman kogi. Yau da safe awo ya nuna 640. Mai kula da injin zuba alif ya leƙo, ya fara duban kujerarki, sannan ya ce, "Auta, nawa za mu zuba?" Na leƙa layi na takwas na faɗa masa. Da ya fita, ba kowa a ɗakin sai ni da ƙarar fanka.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ruwan da kika shayar da mutane ya zama sanyin kabarinki. Ina yi wa mijinki, da ɗanki, da jikokinki biyu ta'aziyya. Allah Ya ba su haƙuri.

Ga abin da ban sani ba har yanzu. Ban san ranar da laka za ta haura 800 ba. Ban san ko gwajin da zan yi ni kaɗai zai isa ba. Ban san wa zai bi lambata da yatsa kafin a zuba ba.