Yadda Muryata Ta Ɗauke a Gaban Ɗalibai

Edita, lokacin da wannan abu ya same ni, ƙaramar malama ce ni a wata jami'a, sabuwar ɗauka, 'yar mai koko da ƙosai a Maamobi, ɗaya daga unguwannin Zongo. Duk safiya in na fito da jakata, matan layinmu sai su ce ga farfesarsu nan, ni kuwa in shige tirotiro, motar haya, ina dariya, zuciyata wasai.

Shugaban sashenmu dattijo ne mai sanyin murya, ban taɓa jin ya yi tsawa ba. A taron malamai sai ya yi murmushi ya ce a bar 'yar Zongo ta yi magana, a ji ko Turancinta ya nuna, sai a kwashe da dariya. Azuzuwan da kowa ke gudu ya ɗora mini. Binciken da na sha wahalarsa ya fito da sunansa, nawa babu. Da na tambaya, ya ce in gode wa Allah da na samu kujera, irinmu a kasuwar Makola aka san su.

Na ja bakina na yi shiru, ina ganin haƙuri nake yi. Sannu a hankali na koma kamar mai yawo cikin barci. In zauna jikin tagar mota ina kallon rufin kwanon unguwar Nima yana wucewa, in hango kaina ƙarama ina tsallen igiya a tsakar gida, har a wuce inda zan sauka. Wata safiya ban farga ba sai ga ni a bakin teku, takalma a hannu, masunta na jan koma, ni kuwa na rasa abin da ya kawo ni. Bayan nan ne na tsaya gaban ɗalibai, na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Suna kallona, ina kallonsu.

Mahaifiyata ce ta zaunar da ni gefen murhunta, ta ce ta lura ina cin abinci kamar mai shan magani. Na zayyana mata komai ina kuka. Ta ce haƙuri daban, haɗiye garwashi daban, kuma mugu ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, in bincika. Da na bincika, ashe wasu malamai biyu da nake gaisawa da su kullum, abin da suke sha ke nan. Muka haɗu muka kai kuka ƙungiyar malamai. An ja lokaci, ba a kori shugaban ba, amma an raba ni da shi, da wa'adinsa ya cika kuma ba a sake ba shi shugabanci ba.

Muryata ta dawo, amma shekarun da na yi a dushe sun tafi ke nan. Na gane mai cin zali da shirunka yake ƙiba. 'Yan'uwana da ke farkon hanya, in ana yanka ku da murmushi, kada ku ce ai babba ne. Ku faɗa wa wani tun kuna da bakin faɗa.