Kunnen Kafinta

Kafintan bakin titi zabiya ne, kuma tun yana saurayi a rana yake aiki, don shagon ba ya ɗaukarsa shi da katako. Yana sa hula, amma kunnuwa a waje suke, fensiri a maƙale a bayan na dama.

A saman kunnen nan wani ɗan miki ya fito, ya ƙi warkewa. A asibiti aka gwada, aka ce kansar fata ce. Shi dai "yanka" kawai ya ji, sai ya ɗauka kunnen gaba ɗaya za a cire, har ya daina taɓa zarto.

Ranar aikin, likitar ta kashe wurin da allura, ta fere 'yar fata siririya kamar ɓawon albasa. Ta ce ya jira a benci, za ta duba a madubin likita ko ciwon ya ƙare. Ta dawo ta ce da saura a gefe ɗaya, nan kaɗai za ta ƙara.

"'Yata, ki yanke sau ɗaya mana a huta," in ji shi.

"Baba, haka kake yi wa katako mai tsada?"

Ya miƙa kunne.

Daga ƙarshe ta ce wuri ya fita tas, ta ɗinke. Matarsa ta leƙa gefen bandejin.

"Kunne dai yana nan, Malam. Gobe kar ka ce ba ka ji ni ba."