Baba Mai Kati da Bitar da Ba a Gayyace Shi Ba

A asibitinmu, kafin ka ga likita ko nas irina, sai ka ga Baba Mai Kati. Shekara ashirin da shida yana zaune bayan wata 'yar taga, da bironsa ɗaure da zare don kada a yi gaba da shi, yana ba marasa lafiya lamba. Taƙamarsa ɗaya ce a duniya, bai taɓa tsallakar da kowa layi ba. Ko matar shugaban asibiti ce ta zo, lamba zai miƙa mata ya nuna mata benci. Yana ba mu haushi, amma muna ganin girmansa.

To, wata Talata yayarsa ta zo, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Maƙwabciya ce ta riƙo ta. Bakinta ya ɗan karkace, hannun dama ya yi nauyi, magana na fita a cakuɗe. Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, kin sake ƙin shan maganin hawan jininki ko? Zauna ki huta, yanzu za a zo kanki." Ya ba ta lamba talatin da takwas. Awa uku ta yi a kan benci, yana ta leƙenta yana mata sannu. Da aka kira ta, likita ya duba ya riƙe kai. Shanyewar ɓarin jiki ce, ya kuma ce da an shigo da ita tun isowarta, da akwai abin da za a gwada. Har yau a baki ake ba ta abinci, kuma shi ne mai ba ta.

Tun daga ranar ya hana ofis sakat, shi sai an tura shi bita a kan wannan ciwo, don kada wani ya sake lalacewa a layinsa yana kallo. Bita kuwa ba ƙarancinta muke ba. Duk shekara ƙungiyoyi na shiryawa, har a ƙasashen waje, wai don a ƙara wa ma'aikatan lafiya sani. Amma wa ke zuwa? Shugaban asibiti, wanda rabonsa da taɓa mara lafiya tun ina makarantar koyon jinya. Sai mataimakinsa. Sai mai kula da motoci, don kawai sunansa ne ya biyo a jerin manya. Su dawo da jaka mai tambari da hula da takardar shaida, su tara mu minti goma su ce, "Wallahi an ƙaru sosai." Ka tambayi da me aka ƙaru, a ce bayanin yana cikin kwamfuta, kwamfutar kuma tana gida.

Wasiƙa biyar Baba ya rubuta. Amsar ba ta canza ba, wai shi ba ma'aikacin lafiya ba ne, magatakarda ne. Kai jama'a! Mutumin da shi ke cewa wane ya jira, wane ya shiga.

A shekara ta uku aka kawo bitar zauren taronmu, aka kuwa tuna da shi, aka ba shi tebur a bakin ƙofa ya rubuta sunayen mahalarta. Ya rubuta tsaf, sannan ya sa ƙafa ya tokare ƙofar, ya kasa kunne. A ciki rabin manyan waya suke dannawa. Da aka tashi na same shi ya cika bayan takardar rajista da rubutu.

"'Yata," ya ce min, "ashe abu uku ne kawai. A dubi fuska, a ce ya ɗaga hannu biyu, a saurari maganarsa. Wannan ne aka kasa gaya min duk shekarun nan?"

Kunya ta rufe ni, don ni na san su sarai, ban kuma taɓa tsayawa a tagarsa na faɗa masa ba.

Washegari duk wanda ya zo taga sai Baba ya ce, "Yi murmushi. Ɗaga hannu biyu. Faɗi sunanka." Mai ciwon haƙori, mai ƙurji, kowa sai ya yi. Layi ya ƙara tsawo, ƙorafi ya yi yawa. Cikin wata biyu mutum huɗu ya tsallakar, shi da kansa yake tura su a keken marasa lafiya da gudu. Biyu ba komai ba ne, biyu kuwa ciwon ne, ɗayansu ma da ƙafarsa ya koma gida. Sai kwamiti ya zauna, waɗanda suka je bitar su ne alƙalai. Suka ce yana duba marasa lafiya ba shi da takardar shaida, ko ya daina ko ya bar tagar. Na miƙe na fara yi musu tas, aka ce in zauna, ba a ba ni izinin magana ba.

Baba ya ce wa shugaban, "Ranka ya daɗe, ba zan iya sake miƙa lamba ban kalli bakin mutum ba." Aka mayar da shi ɗakin ajiye fayil, can baya kusa da injin wuta.

Yanzu da sassafe yake zuwa, kafin lokacin aiki, tunda babu dokar da ta hana gaisuwa. Yakan bi benci benci yana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, ya tsokani wannan har ya yi dariya, ya ce wa waccan ta ɗan riƙe masa fayil da hannu biyu zai ɗaure takalmi. Wasu na cewa tsufa ne, wasu na cewa takara zai tsaya. Ƙarfe takwas na bugawa dole ya koma bakin aikinsa.

Jiya na gan shi tsaye a baranda, takwas har ta gota, yana ta waiwayen masu shigowa. Na ce, "Baba, ka tafi mana, kada su sake samun abin faɗa."

Ya ce, "To wa zai duba waɗannan, 'yata? Ita Yaya ƙarfe tara ta zo."