Nauyin Makara

Wannan ya faru ne a daminar shekarar da matar abokina ta rasu. Shi tsohon ɗan sanda ne, ya yi ritaya yana sufeto, kuma tun muna samari muke tare. Ni Bakano, shi Bazazzagi, don haka ko gaisuwa ba ma yi sai da tsokana a ciki. Ranar da ta rasu yana kwance a asibiti, an yi masa aiki a ciki, bai gama farfaɗowa ba. Da hantsi ta cika, kafin la'asar mun kai ta makwancinta, kamar yadda muka saba. Da ya dawo gidansa a Malali sai ya tarar an gama komai ba da shi ba. Tun daga nan ya daina fita. Ko masallacin ƙofar gida ba ya zuwa, kuma bai taɓa tambayar inda kabarin yake ba.

Babbar 'yarsa, wadda ke aiki a sakatariya, ta same ni a gida a Abakpa. Ta ce tana tsoron zaman nan zai kai shi inda mahaifiyarta ta tafi. Ta roƙe ni in riƙa leƙo shi, ko da ba zai kula ni ba.

Na riƙa zuwa bayan azahar. Mukan zauna a falo, talabijin na ta surutunta, shi yana kallon labule. Nakan tsokane shi da cewa Zagezagi ba su iya karɓar baƙo ba, ko juyowa ba ya yi. Wata rana ana yayyafi, na juya tasha na ci karo da fim ɗin ɓarayi da Faransanci. Na zauna a Dakar shekaru, harshen bai gudu daga bakina ba, sai na kama fassara masa ba tare da ya nema ba.

Ruwa na sauka a kan kwano a hankali, muryata na fita kamar ta wani. Ina fassara, ina gyangyaɗi, garuruwa na shigowa falon ɗaya bayan ɗaya. Na ga kaina a silima a Alƙahira, inda 'yan kallo ke miƙewa suna nuna wa 'yan sandan cikin fim hanyar da ɓarawo ya bi. Na ga ta Landan, inda kowa ke tsit kamar ana jarrabawa. Na ga kuma tsohuwar silimar garin nan marar rufi, wadda muke zuwa ni da shi, inda ruwan sama kan yanke labari a tsakiya, kowa ya tafi gida ya ƙarasa abinsa a ka.

A fim ɗin, ɓarayin sun haƙa rami daga gidan burodi zuwa ƙarƙashin banki, suka kwashe sandunan zinariya. 'Yan sanda suka rufe duk hanyoyin fita gari. Ba motar da ba su bincika ba, har ta mai madara sai da suka sauke. Can sai ga baƙar motar ɗaukar gawa, da akwati a baya, da ɓarayin cikin baƙaƙen kaya suna share hawaye. Zinariyar na cikin akwatin. Babban ɗan sandan ya cire hularsa, ya ɗora a ƙirji, ya ce a buɗe musu hanya.

Nan barcin ya sake ni. Na ce wannan ba hankali a ciki. Mutumin da ya zazzage motar madara, ya za a yi ya bar akwati mai girman nan ya wuce? Na ce a wata iyaka da na taɓa ƙetarawa, a gabana aka sa masu gawa suka buɗe akwati suka nuna takarda. Na ce mai fim ɗin ya mai da 'yan sanda wawaye ne kawai don ɓarayinsa su tsira. Ina ta zuba, ba don ina jiran amsa ba.

“Kai Bakano, komai sai ka buɗe ka auna,” in ji shi.

Muryar ta dushe saboda rashin amfani, amma tasa ce. Ban juyo ba, don kada in kore ta.

Ya ce ɗan sandan bai yi wauta ba. Ba mai hankalin da zai tsai da gawa a kan titi ya buɗe ta a gaban 'yan'uwanta, shi ma da hular zai cire. Abin da ya cuce shi, in ji abokina, shi ne a garinsu gawa a mota take tafiya, a rufe, ba mai taɓa ta. Na ce to a nan fa?

“A nan ai ba sai ka bincika ba. Makara ce, a kafaɗa. Duk wanda ya gamu da ita zai sa kafaɗarsa ya ɗauka ya nemi lada, har mai kaki. Da na shiga ƙarƙashinta na gama sani. Nauyin mutum daban, nauyin ƙarfe daban.”

Ya ce a shekarunsa na aiki ya ɗauki makarar mutanen da ko sunansu bai sani ba. In yana bakin titi ya hango ana tafe da ita, sai ya cusa hula a aljihu ya shiga layi, ya ɗan taka da su, wani ya karɓe shi. Ya ce kafaɗa ba ta mantuwa.

A talabijin motar gawar ta hau wata doguwar gada cikin hazo, tana ƙanƙancewa. Na daina fassara.

“Kai ka ɗauke ta?” in ji shi. Matarsa yake nufi.

Na ce na ɗauka, ta gaba, ɓangaren dama.

“Ta yi nauyi?”

Na faɗa masa gaskiya. Ba ta yi ba. Na ce mutane sun yi yawa, kowa na miƙo kafaɗa, ban yi nisa ba aka karɓe ni. Makarar tana ta wucewa a saman kawunan jama'a da sauri, kamar ba mu ke tafe da ita ba, ita ke jan mu. Na ce akwai wata bishiyar darbejiya a gefen inda aka sa ta, kuma na gane wurin.

Ya daɗe yana shafa kafaɗarsa ta dama. Ruwan ya tsagaita, ladan ya kira la'asar. Sai ya ɗaga murya ya kira 'yarsa, wadda ta dawo daga aiki tana kicin, ya ce ta miƙo masa takalmansa da hula. Ta fito da su a hannu, ta dube ni, ta miƙa masa.

Har yau ban san ko an kama ɓarayin nan ba. Mun bar talabijin a kunne. Muka yi salla a masallacin ƙofar gida, sannan ya shiga gaban motata don in kai shi maƙabarta, ya ce in ja a hankali, ya san tuƙin Kanawa.