Renata, mai gwada katakon finbol

Da sassafe Renata Dombrowski ke shiga masana'antarmu ta ƙera teburan wasan finbol da ke yammacin Chicago, kofin kofi a hannu. Takan rataye rigar sanyinta, ta nufi teburin finbol ɗin da ba a kai ga yi masa fenti ba, katako ne tsirara da ƙusoshi da gadoji. Sai ta harba ƙwallon ƙarfe, ta yi ta bugunsa da 'yan fikafikai biyu da ke tare shi kada ya faɗa ramin ƙarshen teburin, tana kallon inda yake bi. Aikinta ke nan har ta yi furfura. Jikokinta har yau ba su gane ba, a makaranta cewa suke yi kakarsu wasa take zuwa yi.

Mu ma ba kullum muke gane ta ba. Wani tsarin kowa na yabonsa, ita kuwa ta ɗaga kafaɗa ta ce bai zauna mata ba. A tambaye ta dalili, ta ce ita ma nemansa take yi.

Shekarar da kasuwa ta mutu, tebur ɗaya ya rage mana, wanda Curtis Vandermeer ya zana. In bai karɓu ba, rufe masana'antar za a yi. Curtis na harba ƙwallo kan gadar hagu kamar da wasa, haka manaja Halloran. Renata kuwa ta buga, ta buga, ƙwallon sai ya daki turke ya gangaro rami. Aka auna gadar, lafiya lau. Aka sauya fikafikai, aka matsar da ƙusoshi, har ƙafafun teburin aka duba. Kan kowa ya ɗaure. Aka fara raɗa cewa hannunta ne ya tsufa, ita kanta ta fara zargin idanunta.

Halloran ya ce mata, "Renata, dillalai na jira. Ki ce ya yi, mu wuce wurin."

Ta ce, "Ban ce Curtis ya yi kuskure ba. Cewa na yi ban gane ba, kuma ba zan ce na gane ba."

Ana cikin haka sukudireban Curtis ya faɗi. Ya durƙusa ya ɗauka, yana ɗagowa idonsa ya zo daidai tsayin nata, sai ya tsaya cak. Daga nan ba a ganin bakin gadar sam, wani ƙaton ado na roba ya tare shi. Shi da Halloran dogaye ne, ta samansa suke hangowa. Renata gajera ce, a makance take ta harbi, ba ta ma san akwai abin da ya kamata ta gani ba.

Curtis ya ce, "To yara fa? Da duk wanda bai kai ni tsawo ba?"

Aka janye adon gefe. Teburin ya fita, ya karɓu, masana'antar ta rayu.

Renata, ke ce kika iya zama cikin ruɗani ba ki saya wa kanki sauƙi da ƙarya ba. Ba a taɓa rubuta sunanki jikin tebur ko ɗaya ba, amma duk yaron da ya yi ɗage a shagon sayar da abincin fiza ya harba ƙwallo ya ga ya haye gada, hannunki ya bi. A wannan makon da kike ajiye aiki, mun gode, uwar katako.

Ku kuma masu tasowa, in abu ya shige muku duhu, ku faɗa a fili, ko da kowa a ɗakin ya ce yana gani.