Ƙafafun Zalɓe da Garkar Babanmu

An haife ni a wani ɗan ƙauye kusa da Goronyo, a bakin gulbin Rima. Ban fara riƙe alƙalamin boko ba sai da furfura ta soma fito mini a gemu, cikin ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe mana a zauren mai gari. Tun da hannuna ya fara sakewa, abin da zuciyata ta fi son in sa a takarda shi ne hirar ɗakin kakata Tumba, domin waɗanda suka zauna ɗakin nan tare da ni sun soma ƙarewa.

Tumba ita ce ta haifi babanmu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ga ta da murya kamar ta mai tallan fura. Lokacin ɗari, da an ci tuwo an yi lisha, sai ta hura kara da 'yan itatuwa a tsakiyar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye wutar muna miƙa tafin hannu. Ni take kira mijinta, ƙanwata Kulu kuma abokiyar faɗanta. In na shigo sai ta ce, "Ga angon nan da bai taɓa kawo ko gishiri ba." Ni kuma in ce ai na sake ta tun bara, ita ce ta ƙi fita. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sa'an nan ta tono mana dankali daga cikin toka.

Tana da hanyarta ta buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga baƙuwa ta iso, ta sha tahiya, wa ka ba ta ruwa?" Mu amsa gaba ɗaya, "Ta shigo, mu mun ba ta!"

Akwai abu guda da wanda bai san gidajenmu ba zai yi mamaki. Babanmu ɗan farinta ne, don haka Tumba ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta kuma zama su yi hira. In ya zo gaishe ta da safe, yakan durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana duban bango. In magana ta kama dole, sai ta ce "mutumin can" ko "mai garka". Kunya ce irin ta da. Mu yara mun ɗauka haka kowace uwa take.

Garkar da ake kiransa da ita wani lambun albasa ne a fadama, gadon mahaifinsa. Ba ta da girma, amma ruwa na kusa. Da jigo ake ba ta ruwa: dogon itace mai guga a kai, da dunƙulen laka a gindi, a ja a zuba, a ja a zuba, tun asuba har rana ta take. Da albasar nan muke biyan haraji, da ita ake ɗinka mana rigar salla. Amma ba wanda ya taɓa yin arziki da jigo, kuma babanmu ya gaji.

A shekarar da nake faɗi, wani abokinsa na ƙuruciya mai suna Labbo ya dawo daga Sakkwato bisa doki, da rawani, da takalmi mai ƙara. Labbo ya shiga sayen fatun jajayen awaki yana kai wa kantin Turawa. Ya kwana biyu a zaurenmu. Ya ce wa babanmu Turawan nan ba su ƙoshi da fata, abin da zai samu a rani guda ya fi na albasar shekara da shekaru, jari kawai ake nema. Da Labbo ya tafi, babanmu ya daina cin tuwo sosai. Ba a jima ba muka ji ya yi magana da wani mai hali daga Wurno da ya daɗe yana son garkar. An sa ranar da mutumin zai zo da shaidu a sayar masa da ita.

Duk gidan an san zancen, ba mai iya cewa komai. Innarmu ta gwada sau ɗaya, ya ce mata ta ji da tukunyarta. Mutum ɗaya ce zai ji maganarta, ita kuma ba ta yi masa magana.

Ana gobe mutumin Wurno zai zo, muka taru ɗakin Tumba kamar kullum. Babanmu yana da al'adar zama a gindin bangon ɗakin daga waje yana tufka igiya. Ranar nan Tumba ta ce hayaƙi ya dame ta, Kulu ta ɗage asabarin ƙofa. Ta kuma ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Tatsuniyar zalɓe ta yi mana, ba mu taɓa jin ta ba. Wai zalɓe ya gaji da tsayuwa cikin ruwa tun safe har maraice yana jiran ɗan kifi guda. Wata rana ya tashi sama ya bi ta kan kasuwa, ya hango ungulu a wurin mahauta. Wannan ya jefo mata hanji, wancan ya jefo mata kitse, cikinta ya yi tim, ƙafarta kuwa ko raɓa ba ta taɓa ba. Zalɓe ya sauka ya ce ta sa shi a hanya. Ungulu ta dube shi sama da ƙasa ta ce ba laifi, sai dai ƙafafun nan nasa sun yi tsawo, kafin ya sunkuyo wani ya riga shi ɗauka. Ta nuna masa rumfar wanzami.

Nan Tumba ta canza murya, ta yi irin ta wanzami mai magana ta hanci: "Malam Zalɓe, ka tabbata? Ni yanka ni ka yi, ban iya ɗinki ba." Muka fashe da dariya. Ta ce zalɓe ya ce a yanke daidai da na ungulu. Aka yanke. Ranar nan ya ci har ya kasa tashi, ya kwana a gindin rumfa yana cewa ashe da can wauta yake yi.

Da gari ya waye ya duba, kasuwa wayam. Ba mahauci, ba wuƙa, sai ƙudaje. Ya ɗaga kai ya ga ungulu a kan kuka ta takure. Ya ce ina mutane? Ta ce sai wani mako.

"Yac ce mata, to yau mi za mu ci? Tac ce, abin da munka saba ci, iska. Yac ce, don mi ba ki hwaɗa min ba? Tac ce, kai ran kasuwa kaz zo, ran kasuwa kat tambaya."

Zalɓe ya koma gulbi. Ya sa ƙafa inda ya saba tsayawa, ruwa ya kai masa wuya. Kifayen da a da ke tsoronsa suka riƙa wuce shi suna gaishe shi. Yunwa ta sa ya yi fari fat, ya koma bin shanun Fulani yana tsintar fara a sawunsu. Shi ne belbelar da muke gani har yau. Tumba ta tafa hannu ta ce, "Baƙuwa ta kama hanya. Wanda bai ƙoshi ba shi lashi hannu."

Muna shirin roƙon wata, sai muka ji gyaran murya daga waje. Babanmu ne.

"Garba," ya kira ni.

"Na'am, Baba."

"Tambayi matakka, shi zalɓen da ya daɗe tsaye cikin ruwa, mi yat tara? Ko riga shina da?"

Na juya zan maimaita, Tumba ta ɗaga mini hannu. Ta dubi wuta ta ce, "Mijina, hwaɗa ma mai tambaya, ni ban ce zalɓe kar shi tahi kasuwa ba. Shi tahi mana. Wa yah hana shi? Ƙahwahun nan dai su ne ban ga dalilin yanke su ba."

Kulu ta toshe baki tana son yin dariya, na mintsine ta.

"Garba, ce mata ba a zuwa kasuwa hannu sake. In bai sai da ƙahwa ba, mi za shi kai?"

Muka zuba wa Tumba ido. Ta ɗauki kara tana tona toka. Can ta ce, "Ku tashi ku kwanta, wuta ta mutu." Wutar kuwa ba ta mutu ba.

Tumba tana da jajayen awaki a bayan ɗakinta, uwa da 'ya'yanta da suka girma. Su ne duk abin da ta mallaka. Kowa a gidan ya san abin da ta aje su dominsa, don takan faɗa ba tare da wani nauyi ba: ran da ta mutu a sayar a yi mata likkafani da sadaka, kada ta ɗora wa kowa wahala.

Da safe ta kwance su, ta damƙa mana igiyoyin ni da Kulu. "Ku kai ma mutumin can." Muka ja su zuwa zaure. Babanmu ya dube su, ya dube mu, ya ce mu mayar. Muka mayar. Ta ce wa ya aike mu, mu koma da su. Haka muka yi ta kai da kawowa a tsakar gida, awaki na kuka, innarmu ta bar daka ta tsaya da taɓarya a hannu. Daga ƙarshe Tumba ta fito ta ɗaura gyale a ƙugu, ta tsaya ta ba zaure baya, ta yi magana yadda har maƙwabta za su ji.

"Kulu, hwaɗa mai in bai amsa ba, ni za ni ja su da kaina har kasuwar Goronyo, in tsaya tsakiyar maza in yi ciniki. Duniya ta gani, a ce ga uwar wane."

Babanmu ya miƙo hannu ya karɓi igiyoyin. Da mutumin Wurno ya iso da shaidunsa, aka shimfiɗa musu tabarma, aka dama musu fura, babanmu ya ba shi haƙuri. Mutumin ya tafi yana faɗa, ya ce bai taɓa ganin magidanci mai magana biyu irin wannan ba. Babanmu ya haɗiye.

Da kuɗin awakin ya soma, kaɗan kaɗan. Da asuba ya ja jigo, in rana ta ɗaga ya bar mana sauran fangulan albasa mu ƙarasa ba su ruwa, ya hau jaki ya bi kasuwannin ƙauye, yau Rimawa, gobe Shinaka, wani lokaci har Rabah. Ya koyi duba fata a hasken rana ya ga inda wuƙa ta ci ta, ya koyi shanya ta a inuwa. In ta taru ya kai wa Labbo. Muka soma ganin canji: an sake jinkan ɗakuna, an ƙara jaki, ana sa nama a miya ba sai salla ba. Duk shekara yakan aiko mu da 'yan awaki a mayar wa Tumba, ita kuma ta ce a gaya wa mutumin can ya zuba a jari, ba ta shirya mutuwa ba tukuna.

Ba zan ce babanmu bai taɓa yin da-na-sani ba. Labbo ya yi arziki na gaske, ya gina soro a Sakkwato, yaransa na saye masa fata a garuruwa da yawa. Wani lokaci in babanmu ya dawo daga wurinsa, yakan zauna ya ce da ya shiga da ƙarfi tun farko, da yanzu ba a nan yake ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Ni dai ban sani ba.

Abin da na sani shi ne, akwai shekarar da kanti ya daina saye. Aka ce can ƙasar Turawa ne ciniki ya lalace. Labbo yana da abin da zai jira da shi, ya jira. Ƙananan masu saye irin babanmu kuwa, fatunsu suka zauna a ɗaki har ƙwari suka huda su. Na san waɗanda suka bar gari a shekarar saboda haraji, wasu ba su dawo ba. Mu muka koma fadama gaba ɗaya, har innarmu da Kulu, muka dasa albasa har bakin ruwa.

A ƙarshen ranin nan Tumba ta kwanta, ba ta tashi ba. Ba akuya ko ɗaya a bayan ɗakinta. Babanmu ya ɗora buhunan albasa bisa jakuna tun kafin a gama haƙa kabari, ya kai kasuwa ya sayar, ya dawo da farin ƙyalle mai kyau da geron sadaka, bai roƙi kowa ba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a kan cewa kowa ya tsaya inda Allah ya aje shi. Sai da na girma, na yi cin rani, na gwada saye da sayarwa iri iri, na ci riba na kuma faɗi, sa'an nan na lura ba haka ta ce ba. Ba ta raina kasuwa ba, ba ta kuma ce ɗanta ya ƙare rayuwarsa a gindin jigo ba. Da aka tambaye ta me zai kai kasuwar, ba ta ƙara wata tatsuniya ba, abin da ta tanada wa ranar mutuwarta ta kwance ta ba shi. In samari suka zo yanzu suna ba ni labarin wata sabuwar hanyar samun kuɗi, ba na hana su. Nakan ce su je su ga mai sana'ar a ranar da ba ciniki. In kuma na ce kada su sayar da abin da suke tsaye a kai, sai in tsaya in duba ko ni ina da abin da zan miƙa musu. In ba ni da shi, nakan rage murya.