Buhun Gyaɗar da Na Ɗaga da Hannu Ɗaya

Daga Tirmini har birnin Damagaram, ba a taɓa haihuwar mai ido irin nawa ba. In na kalli buhu sau ɗaya, sai in faɗi nauyinsa, sikeli ya ji kunya. Wannan baiwa kuwa a gaban murhun kakata Hajo na same ta. Haka dai nake faɗa wa mutane.

A wancan zamani, da an yi magariba sai mu kewaye ta, tana soya mana gyaɗa a kasko da yashi. Hayaƙin kara yana sa mu hawaye, amma ba mai matsawa. Ni take fara tsokana: "Angona, zauna daga nesa, kada cikinka ya tare mana wuta." Sannan ta ce, "Ga wata nan tafe," mu ce, "Ta iso, akwai tabarma."

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta kura da kurege. Sun yi noma tare, aka sussuke gero, aka sheƙe, aka yi tsibi biyu: ɗaya kamar dutse, ɗaya ɗan mitsitsi. Kura ta ce ita ce babba, babban nata ne. Ta cika buhu goma, ta ɗora duka a ka, tana tafe tana waƙa wai duk dajin ba mai ƙarfinta. Kurege kuwa yana jan ɗan buhunsa ɗaya yana nishi. Da bazara ta yi, kura ta buɗe rumbu ta tarar ƙaiƙayi ta tara. Kurege yana tuƙa tuwo, ita tana atishawa.

In ta gama, sai ta miƙo mana ƙwarya biyu masu girma ɗaya, wannan cike da dusa, waccan da gero. "Wuri ɗaya suka ci," in ji ta, "amma ku tambayi hannunku." Ni dai gyaɗar kasko nake kallo.

Da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, malaminmu da muke ce wa mushe ya rubuta zancen nan a allo da Faransanci: a auna nauyin abu, a raba da girman wurin da ya cika, sai a san ko a cushe yake ko fanko ne. Na haddace tsaf, har na gaya masa kakata ta riga shi sani.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, ɓeraye suka cinye mana irin gyaɗa, ga damina ta ƙarato. Kaka ta kwance akuyarta, guda ɗaya tak da ta mallaka, ta ce a kai birni a yi musaya da iri. Baba ya ce ɗan lakwal ne zai je, shi ba a cutarsa.

Mutum biyu suka taya. Na farko ya nuna mini buhu madaidaici, na taɓa, ya ƙi motsi kamar an dasa shi. Na biyu ya jawo wani ƙato, ya kusa tsawona. Na sa hannu ɗaya, na ɗaga shi sama! Mutumin ya tafa ya ce, "Kai, samari, kokawa kake yi?" Wallahi ko sau ɗaya ban tuna da kura ba. Na miƙa igiyar akuya. Jakinmu ma har rawa yake a hanya, na ce murnar 'yanci ce.

A tsakar gida na sake ɗaga buhun da hannu ɗaya don kowa ya gani. Kaka ba ta tafa ba. Ta ɗebi gyaɗa ta girgiza kusa da kunne, ta murza guda. Ɓawo ne zalla. Ta murza wata, 'yar ƙwayar ciki kamar idon kaza. Gyaɗar da ruwa ya yanke wa ce tun ba ta nuna ba.

Kwana biyu mata suna ɓara. Abin da ya fito bai shuka rabin gona ba, kuma shekarar Kaka ba ta ga nonon akuya a furarta ba. Ba ta taɓa yi mini gori a kai ba, shi ne abin da ya fi damuna har yau.

Yanzu na manta Faransancin allon nan, amma ƙwarya biyun suna nan a idona. In na ga babban abu, ko mutum ko alkawari, sai na ɗaga tukuna, in ya zo da sauƙi in ji tsoro. Ta rasu da daɗewa, har yanzu ƙamshin soyayyar gyaɗa yana tsayar da ni a hanya.

Na ce ba ta yi gori ba. To, sau ɗaya ta yi magana. Ranar da aka gama ɓara, na lallaɓa na ce, "Amma dai, Kaka, kin ga ƙarfi." Ta kama kaina da hannu biyu, ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta saurara, ta ce, "Angona, wannan ma a wurin mutumin nan ka samo shi?"